Sarkin Almakashi, Zo Ka Ciji Alkamar Da Ka Girbe

Kai ka kashe mini alkama, ranka ya daɗe. Kai ɗin nan mai farar babbar riga da ta sha sitaci har tana ƙara, kai da ka ɗaga koriyar tuta a gonata ranar Talata da hantsi. Ba tsuntsu ba ne, ba ɓera ba ne, ba shanun Fulani ba ne, ba kuma ƙaddara ba ce kamar yadda mutanenka suke ta nanata mini a ofis. Kai ne. Ban san sunanka na yanka ba, ban kuma nema ba, don haka na naɗa ka Sarkin Almakashi, tunda duk inda aka ɗaura ƙyalle kai ake jira ka zo ka yanka. Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya ƙara wa almakashi kaifi.

To, masu karatu, ku gyara zama. Sunana Kubura. A fadamar Rafin Kanya nake noman rani, bayan Dutse kaɗan. Ban yi boko ba. 'Yata Nuriyya, wadda ke koyarwa a Limawa, ita ke riƙe da biro ina faɗa tana rubutawa, na kuma gaya mata in ta sa wa maganata sukari zan ba wani ya karanta mini, zan gane.

Alkamar da nake magana a kanta ba ta kasuwa ba ce. Shekara talatin muka yi can gabas, bakin tafki, ni da Malam, baban su Nuriyya, ba mu da sana'a sai alkama. Duk shekara kafin a sa lauje, Malam zai shiga gona da kansa yana tsintar zangarniya ɗai-ɗai, wadda ta fi cika, wadda ta tsaya a miƙe da iska ta kwantar da 'yan uwanta, wadda zafin farkon bazara bai firgita ba. Ita ce irin baɗi. Haka ya yi ta zaɓa har muka samu wata gajeriyar alkama mai jar ƙwaya, wadda in kin yi alkaki da ita sai maƙwabta sun aiko tambaya. Ba ta da lamba, ba ta da suna a takarda. Mu dai "ta Malam" muke ce mata.

Sai fitina ta zo. Ba zan ba ku labarinta ba, kun ji a rediyo har kun gaji, mu kuma mun gani har mun ƙoshi. Wata safiya dai Malam ya ɗora mu a hanya ya ce mu yi gaba, zai koma ya ɗauko injin ban ruwa ya cim mana. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Allah ya jiƙansa in ya riga mu, Allah ya bayyana shi in yana raye.

Abin da na fito da shi daga gidan aurena na shekara talatin, kwano ɗaya ne na irin nan, a ƙulle a gefen zani. Kwana huɗu muna tafiya a ƙasa. A rana ta uku Nuriyya, lokacin tana da tsohon ciki, ta dube ni ta ce, "Inna, mu tafasa ko rabi ne."

Na ce, "Ba a cin iri. Wanda ya ci iri ya ci baɗi."

Ta yi kuka, na yi kuka, muka ci ganye. Ga ta nan tana rubutawa tana share hanci. Rubuta, ba kuka na kira ki ki yi ba.

Da muka iso gida yayana ya yanka mini wani yanki a fadamar mahaifinmu. Kwano ɗayan nan na zuba a fangali uku, wato 'yan kwamin nan da muke ja wa kunya don su riƙe ruwa. Baɗi suka zama goma sha biyu. Yau da gobe, har matan Yalwawa masu alkaki da funkaso suka san ƙofata, tun alkama tana gona suke cewa a ajiye musu. Kuma ina da doka ɗaya da na gada wajen Malam: iri kashi uku ake raba shi. Biyu a ƙasa, ɗaya a tukunya, a gauraye da toka da ganyen darbejiya, a liƙe baki da laka. Ko gobara ta ci gona, ko fari, ko tsuntsu, tukunya tana nan. Ku riƙe maganar tukunyar nan, za mu dawo kanta, don a nan nawa laifin yake.

Kafin nan bari in yaba wa manyanmu, kar a ce Kubura ba ta da godiya. Sun samo wata kalma mai albarka, kalmar "tsaro". Ban taɓa ganin zani mai faɗin wannan ba, ba tsiraicin da ba ya rufewa.

Na je gidan mai da jarka ta lita goma don injin ban ruwa. Tun hantsi nake layi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Da na iso gaba, mai zuba man ya ce, "Iya, ba ma zubawa a jarka. Saboda tsaro."

Na ce, "Ɗan nan, dube ni da kyau. Haƙorana na gaba biyu ne suka rage. Wane daji zan kai wa mai?"

Ya ce shi dai umarni aka ba shi, sai dai in kawo abin da zai sha man. Washegari na ɗauki hayar adaidaita, na ɗora injin ban ruwa a kujera kamar amarya, ni na raɓa a gefe, muka zo Dutse aka shayar da shi, muka koma. Duk kwana shida haka nake kawo shi gari shan mai. Injin nan ya fi ni sanin titunan Dutse. A tsallaken gidan man kuwa, ga 'yan bumburutu nan a jere da jarkoki kamar masu tallan man gyaɗa. Su nasu jarkokin, da alama, an yi musu tofi.

Taki fa? Ya makale a hanya, saboda tsaro. Tiyon ruwa da aka yi mana alkawari? Saboda tsaro. Na tabbata in matar ɗayansu ta tambaye shi dalilin da ya sa bai kawo cefane ba, zai gyara hula ya ce saboda tsaro. Ni na san rashin tsaro, jama'a. Na taka shi da ƙafata kwana huɗu, ya cinye mini miji. Gaskiya ne akwai shi, yana hana mota wucewa, yana hana manomi zuwa gonarsa, ya mai da dubban kadada na alkama sansanin ƙaya. Amma wanda ya sha shi a jikinsa ya san bambancinsa da lalaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ana nan, bayan an gama girbin gero, sai ga Abdulƙadir malamin gona a kan babur ɗinsa. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa a kansa, sai dai tsoro kamar farar kura. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce wani kwamiti ne ya aiko shi. Ya faɗi sunan kwamitin, tsawonsa sai da na ji ƙishirwa. Ni dai Kwamitin Sai Gobe nake ce masa, kuma har yau ba wanda ya ce na yi kuskure.

Ya ce, "Inna, manya sun ji labarin irinki. An ce yana jure zafi. So ake bana ki faɗaɗa, ki shuka gaba ɗaya, a mai da gonarki gonar nuni. In ya yi kyau a raba wa mata manoma, har a sa masa suna."

Na ce, "Wane suna?"

Ya ce, "Duk wanda kika zaɓa, Inna."

A nan aka kama ni. Ba taki ba ne ya ruɗe ni, ba tiyo ba. Sai na ga sunan Malam a jikin buhu, ana ɗauka ana saukewa a kasuwanni, mutumin da ko kabarinsa ban sani ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Na tuge albasar da nake sawa a gefen gabas, na ja sababbin fangali, na fasa bakin tukunya da hannuna. Karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya na juye ta ƙaf. Har na kife ta na bubbuga gindinta.

Tsakiyar Nuwamba na shuka, daidai lokacin da sanyi ya fara cizon kunne da asuba. Wannan ko ɗan koyo ya sani: alkama 'yar sanyi ce. A sanyi take tsiro, a sanyi take ciki, in zafi ya riske ta ba ta gama cika ba, sai ki girbi ƙaiƙayi. Ba ta jiran sa hannu, ba ta san ana taro ba.

Maƙwabcina na gona, Malam Muntaka, shi yana zaune a kan kunya yana jiran irin kwamiti. Shekarun baya na taɓa ba shi ta Malam tiya biyu, da aka ce za a kawo na zamani sai ya kai inji aka niƙa aka yi alkubus a bikin 'yarsa.

Na ce, "Malam Muntaka, sanyi fa yana wucewa."

Ya ce, "Gwaggo, an ce gobe."

Bayan sati biyu na ce, "Yaya goben?"

Ya ce, "Motar tana hanya. An tsare ta a shinge."

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Gwaggo, kin fi ni sani."

Sai da Janairu ta shiga irin ya iso, an rine shi ja kamar lallen amarya. Suka shuka don kar a ce sun ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su kwamiti sai da matafiyi ya kai zango suka aiko da gorar.

Saboda haka a ƙarshen Janairu, in ka tsaya a bakin fadamar Rafin Kanya, gonakin kwamiti duk kamar gemun saurayi, tsilli-tsilli. Gona ɗaya ce ta kai gwiwa ta wuce, ta fid da kai, iska na kaɗa ta kamar ruwa. Tawa. Kwananta saba'in da biyar. Tana nono.

Bari in yi wa 'yan birni bayani, tunda na ga har masu digiri a cikinku ba su sani ba. Ba a duban alkama da ido a ce ta ƙosa. Cizawa ake yi. Ki murje zangarniya a tafin hannu, ki hure, ki sa ƙwaya ɗaya a haƙori. In ta ce ƙas, ɗauko lauje. In ta lotsa kamar danƙo, ba ta sati guda. In kuwa farin ruwa ya fito, tana nono ke nan, jaririya ce, ko kallon banza ba a yi mata. Wadda aka yanka tana nono ba ta zama gari, ba ta zama iri. Tawa saura sati uku take nema. Sati uku kacal.

Sai ga Abdulƙadir ranar Lahadi, yana sosa ƙeya. Wai manya za su zo ranar Talata bikin girbin alkama.

Na ce, "Girbin wace alkamar?"

Ya ce, "Hoto kawai za a ɗauka, Inna. Mai girma zai yi tafiya ranar Alhamis, kuma an riga an buga katin gayyata."

Na ce, "Ka gaya musu tana nono?"

Ya ce, "Na gaya wa na sama da ni."

"Shi fa?"

"Ya ce zai gaya wa na sama da shi."

Ina jin maganar tana nan tana hawa har yanzu. Wataƙila ta kai ga taurari.

Ranar Talata na ga abin da ban gani ba ko a bikin 'yar attajiri. Mota ashirin da bakwai, Malam Muntaka ne ya ƙirga. Ba su ga wajen ajiye su ba sai kan fangalina na yamma, don can ne ƙasa ta fi laushi ga taya. Rumfa uku aka kafa, turakunta a cikin alkama. Aka ba ni sabon mayafi mai hoton zangarniya, aka zaunar da ni a kujerar roba a sahun gaba, aka miƙo mini lemon kwalba. Ina zaune ina kallon takalma masu sheƙi suna taka abin da na yi wata biyu da rabi ina shayarwa, ina cewa a raina, Kubura yi haƙuri, gefe ne, tsakiya tana nan.

Can sai na ji ƙasa tana rawa. Wata mota ce kamar gidan sama, ja, da baki a gaba mai faɗin ɗaki biyu. Wai injin girbi, aro aka yi daga wata jiha. Na ce wa na kusa da ni, "Wannan fa?" Ya ce ado ne, a bayan mai girma za a tsayar da ita.

Wani mai baƙin tabarau, wanda na naɗa Galadiman Lasifika, ya yi ta zuba kirari har kumfa ta taru a gefen bakinsa. Ya ce yau ƙasa ta daina sayen alkama a waje. Ya ce duk da matsalar tsaro, irin kwamiti ya yi abin al'ajabi, ga shi kowa na gani. Irin kwamiti! Na waiwaya ina neman Abdulƙadir, na hango shi bayan rumfa yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

Sai ka miƙe, ranka ya daɗe. Aka miƙo almakashi a kan faranti, ka yanka ƙyalle. Aka miƙo koriyar tuta. Taku uku ne tsakaninka da alkamar. Da ka sunkuya ka tsinki zangarniya ɗaya ka sa a baki, da yau ba na cikin jarida. Amma sitaci ba ya son sunkuyo. Ka ɗaga tuta.

Injin ya shiga.

Na tashi, kwalbar lemo ta faɗi, na ɗora hannu a ka ina ihu, "Ɗanya ce! Ku tsaya, tana nono! Wayyo ta Malam!" Na nufi gonar da gudu irin na tsohuwa, wasu ƙarti biyu suka tare ni da ladabi, ɗaya yana cewa, "Hajiya a hankali, kar ki shiga hoto." Galadiman Lasifika kuwa ya ce, "Allahu akbar! Jama'a ku dubi uwarmu, murna ta hana ta zama!" Aka yi tafi. Wallahi aka yi tafi.

Shi kansa injin ya fi ku hankali. Bai yi nisa ba ya shaƙe, ya fara tari, yana tofar da wani koren abu kamar miyar kuka. Ya ƙi ci. Direban ya sauko ya zaƙulo da hannu, ya koma ya ja da baya, ya sake shiga ta wani gefen. Mai ɗaukar hoto ya ce rana ta ba shi baya, a sake. Aka sake. Ya ce mai girma bai yi murmushi ba, a sake. Sau huɗu. Abin da baki bai yanka ba, taya ta kwantar, abin da taya ta bari, 'yan rakiya suka bi da ƙafa suna ɗaga waya.

Amma abin al'ajabin yana gaba. Injin ya zo gaban rumfa ya miƙo wani dogon hanci, sai ga alkama tana zubowa, busasshiya, fara tas, mai sheƙi kamar an wanke. Aka yi kabbara. Ka tara hannu biyu ka ɗiba kana dariya. Ni kuwa na saki baki. Tawa ja ce. Tawa ɗanya ce. Ashe tun da safe an juye buhu shida na kasuwa a cikin injin, Malam Muntaka ya ga ana yi, ya ɗauka abincin injin ne. Da aka gama hoto aka mayar da ita buhunanta, aka ɗinke, aka sa a mota. Ko tsabar da ta zube a kan tabarma sai da aka share aka tafi da ita. Kayan aro dai ba ya rufe katara, amma na ga ya rufe talabijin.

Kafin azahar fadama ta yi tsit. Robobin ruwa, ramukan turaku, da warin ɗanyen ganye.

Mutum ɗaya ne ya ci ribar bikin, shi ne Bubayero, Bafulatanin da ke da ruga a bayan fadama. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ko ɗan maraƙinsa bai taɓa sa baki a gonata ba. Saboda zamana a gabas, Babarbariya yake ce mini, ni kuma in ce masa bawana. Ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallon ɓarnar.

Can ya ce, "Babarbariya, aradu da shanuna ne suka yi wannan, da yanzu ina ɗaure, an sa ni a rediyo."

Na ce, "Naka ba su da katin gayyata, bawana. Kwashe ka kai musu, kar ta ruɓe a banza."

Ya ce, "Ba za su ji daɗinta ba."

Ya kwashe dai. Da yamma ya aiko matarsa da ƙwaryar nono, ban iya sha ba.

Zuwa da kai ya fi aike, don haka na je ofishin Kwamitin Sai Gobe a Dutse. Zuwa na farko, oga yana taro. Na biyu, ya tafi ta'aziyya. Na uku, ya tafi taro a kan yadda taron farko ya gudana. A na huɗu na shimfiɗa mayafin nan mai hoton zangarniya a bakin ƙofa na zauna na miƙe ƙafa, na ce duk mai shiga sai ya tsallake ni. Nan da nan aka samu wani sakatare mai sanyin murya.

Ya ce, "Mama, ai ke abin alfahari ce. An nuna ki a talabijin."

Na ce, "Ina ihu."

Ya ce, "Ba a sa sautin ba."

Ya jawo wata takarda a cikin gilashi, wai shaidar yabo, Gwarzuwar Manomiya. Ya ce kuma an sa sunana a sahun farko na masu karɓar iri baɗi, buhu guda, kyauta.

Na ce, "Yaushe zai iso?"

Ya ce, "Da zarar hanya ta yi kyau. Kin san yanayin tsaro."

Na ce, "Ɗan nan, wa ya ce a girbe alkama tana nono?"

Ya ce kwamiti ne. Na ce wane ne kwamiti, a nuna mini fuskarsa. Ya ce kwamiti ba mutum ba ne. Na ce to wanda ya ɗaga tuta fa, aljani ne? Ya ce, "Mama, a bar wa Allah. Ƙaddara ce." Na ce ƙaddara ba ta zuwa da mota ashirin da bakwai. Na karɓi takardar yabon dai, gilashinta yana da kyau, da shi nake rufe tukunyar da babu komai a ciki.

Yanzu ga inda maganar take. A kusurwar gonata ta arewa akwai rijiya, injin bai iya juyawa a wajen ba, direban ya ji tsoron ramin. Nan wani ɗan yanki ya tsira, bai fi shimfiɗar tabarma ba, shi ma rabinsa a kwance. Bubayero ya saro ƙaya ya kewaye mini shi. Abdulƙadir ya zo ba a aiko shi ba, ya tayar da waɗanda suka kwanta ɗai-ɗai yana ɗaure su da tsinke, bai yarda mun haɗa ido ba. Sati uku ina zaune a wajen tun fitowar rana, ina korar tsuntsu da bakin zani, ina ba ta ruwa da gwangwani. Ranar da na sa a haƙori ta ce ƙas, ban sa lauje ba, da yatsa na tsinke ta. Na murje a faifai, na hure da bakina.

Tafi biyu na samu, wato cikin tafin hannu sau biyu. Na auna sau uku, ko za ta ƙaru.

Ku yi lissafin da kanku, masu karatu. Masu bindiga sun kore ni daga gidana, sun raba ni da mijina, amma na fito da kwano guda. Masu babbar riga sun zo taya ni murna, da lemo da mayafi, sun bar ni da tafi biyu. An gudu ba a tsira ba. Tafi biyun nan su ne abin da ya rage na shekara talatin ɗin Malam a duniya. In tsuntsu ya yi mini wayo baɗi, ko injin ban ruwa ya kwana biyu bai sha mai ba, shi ke nan, an rufe littafinsa. Zan raba su uku kamar yadda ya koya mini, ko da ƙwaya ƙwaya zan ƙirga. Ko wa zai zo da sunan wa a jikin buhu, ba na sake kife tukunya.

Saura kai, Sarkin Almakashi. Ba na son buhunku mai lalle, ba na son wani gilashin. Na ɗebi dami ɗaya na wadda injinka ya yanka kafin Bubayero ya kwashe, na shanya shi, yana rataye a ɗakina. Ƙwayar ta motse kamar fatar gwiwata. Naka ne, na ajiye maka.

Ka zo fadamar Rafin Kanya kafin sanyin shuka ya shigo. Ka tsaya inda ka tsaya ranar nan, gaban Malam Muntaka da Bubayero da duk wanda ya yi tafi. In murje maka zangarniya a tafin hannunka, ka hure, ka sa a haƙori, ka ciza. Sannan ka ɗago ka gaya mana da bakinka, ba da lasifika ba: wa ya ce maka ta ƙosa? In wani ne ya gaya maka, kira sunansa ya fito. In ba wanda ya gaya maka, ka ce, "Ni ne, ban tambaya ba." Kuma kar ka ce mini tsaro, daga ofishinka zuwa gonata ko shingen kaji babu.

Ka taho da kujerarka, don waɗanda kuka kawo kun kwashe. Motar kuma a bar ta a bakin titi. Ina jira, ranka ya daɗe. Wa ya ce maka ta ƙosa?